Mai Kitso da Kan Autarta

Haihuwa da Sana'a

An haifi marigayiya Mai Kitso a shekarar 1981, a wani gida da ke bayan tashar mota, mahaifinta kafinta, mahaifiyarta ungozoma. Bayan kammala sakandare a 1999, ta buɗe shago mai madubi ɗaya da kujera mai gurguwar ƙafa, inda ta shahara da kyawun aiki da tsananin jan gashi, har yara kan fara kuka tun daga bakin ƙofa.

Aure da Jarrabawa

A 2003 ta auri wani direban bas, suka haifi 'ya'ya mata uku, dukkansu sun ɗanɗana hannunta. A 2013, tana da cikin na huɗu, hatsarin mota ya taɓa mata laka a wuya, hannayenta suka daina motsi, suka daina jin komai. An ciro jaririyar lafiya. Auta ta taso tana jin yayyenta suna labarin zafin kitson mahaifiyarsu, kuma ba abin da take kishi kamar wannan zafi. Ita ma uwar abin ya tsaya mata a rai, domin ta kitse kan 'ya'yan unguwa kaf, amma yatsunta ba su san gashin autarta ba.

Samun Sauƙi

A 2034 likitoci suka dasa mata wata 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa, wadda ke ɗaukar nufinta ta tsallake raunin ta isar wa hannu, ta kuma dawo mata da jin abin da yatsu suka taɓa. Ta yi wata da watanni ana koya mata ɗaga kofi, tana mita cewa ba shan shayi ya kawo ta ba. A 2035 ta nemi matsefi, ta zaunar da Auta, wadda a lokacin ɗalibar jami'a ce, a ƙasa a gabanta. Tsagar ta karkace, amma da ta ja gashin, Auta ta zabura.

"Mama, da zafi wallahi."

"Zauna daidai, ke ma ki karɓi rabonki."

Yayyen suka yi ta dariya, Auta tana hawaye tana cewa a ci gaba.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2052 bayan gajeriyar jinya, aka binne ta a maƙabartar da ke kusa da tsohon shagonta. Ta bar mijinta, da jikoki, da 'ya'ya huɗu: Babbar Yaya da ta gaji shagon, da malamar makaranta, da mai harhaɗa magunguna, da Auta, wadda a ranar jana'izar, sabon kitson mahaifiyarta ne a kanta, karkatacce, yana mata zafi har lokacin.