Saidou Mai Ruwa, Wanda Ba Ya Tafiya Sai An Amsa

Da an sallame sallar asuba, Saidou yana kan layi a wurin lodin ruwan sha kusa da unguwar Aziziya. Yakan cika dabbab ɗinsa da galan-galan, wato 'yar akori-kurar nan mai ƙarar tsohon keken ɗinki, ya fara da unguwar Malaz, ya ƙare da tamu, Ulaisha, kafin rana ta soma narka kwalta. Litinin da Alhamis ne ranakunmu. Kowa yakan fitar da galan ɗin da ya ƙare ya ajiye a bakin ƙofa. Saidou ya hau bene da cikakke a kafaɗa, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya yi sallama, ya tsaya. Ba ya tafiya sai an amsa. In tsohuwa ce, ya jira ta yafa mayafi, ya bar ƙofar a buɗe, ya ɗora galan a kan injin sanyaya ruwa da kansa, ya tambayi gwiwa, ya tambayi yara, ya wuce. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka, tun da ya baro Maraɗi da baƙin gemu. Ƙarshen watan nan zai koma gida da fari.

Ban san girman aikinsa ba sai da ɗana Mustapha ya dawo daga Japan, inda wurin aikinsa ya tura shi kwas na wata shida. Ranar da 'yan'uwa suka zo yi masa barka da dawowa, mun zaci labarin jirgin ƙasa mai gudun tsiya za mu sha. Sai ya ɗauko na tsofaffi. Ya ce haihuwa ta yi ƙaranci, tsufa ya yi yawa, matasa sun kwarara manyan birane, ƙauyuka cike da gidajen da ba kowa sai ciyawa. A cikin birnin ma, in ji shi, tsoho kan rasu a ɗakinsa a yi makonni ba a sani ba. Har butar shayi suka ƙera wadda ke aika saƙo zuwa wayar ɗa duk lokacin da uwarsa ta tafasa ruwa, don ya san tana numfashi.

Falo ya ɗauki salati. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Rashin zumunci ne. Mu ai ba za a taɓa ganin haka a cikinmu ba."

Kowa ya gyaɗa kai, ni kuwa ina ƙirga ƙofofi a zuciyata. A benenmu na Ulaisha, tsofaffi huɗu ne ke wuni su kaɗai, biyu kuma su kaɗai suke kwana. 'Ya'yansu ba marasa kirki ba ne. Aiki ne ya kai wannan Jubail, ya kai wancan Jidda, kamar yadda ya kai ɗan Japan Tokyo. Birni bai tambayi addininka ko yarenka kafin ya raba ka da uwarka. Na shekara talatin ina koyar da 'yan makaranta cewa kada su yarda da magana don kawai ta yi musu daɗi, to ba zan fara yanzu ba. Na ce, "Alhaji, in ba a gani ba a nan, Saidou za ka gode wa." Ya dube ni kamar na yi saɓo.

Ga shaidata. Maƙwabciyata Delou, 'yar Damagaram, ta haura saba'in, ɗanta direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu a hanya. Wata Alhamis, shekara uku da suka wuce, Saidou ya iso ƙofarta bai ga galan a waje ba. Wani zai ce ruwanta bai ƙare ba, ya yi gaba abinsa. Shi ya san Delou da shan shayi kamar ana biyan ta, ba ta taɓa kai Alhamis da ruwa ba. Ya ƙwanƙwasa uku, shiru. Ya ƙara uku. Bai taɓa hannun ƙofar ba, don gidan mace ne. Ya sauka ya kira mai gadin bene, ya hau ya buga tawa.

"Malama, ɗauko mayafinki. Iya Delou ba ta amsa ba."

"Ko ta je asibiti?"

"Takalmanta suna nan a waje."

Mai gadi ya buɗe, ni na shiga. Na same ta kwance a ƙofar banɗaki, tun jiya da la'asar santsi ya kwashe ta, ƙugu ya karye, wayarta na can kan gado. Leɓɓanta sun bushe. Da ta jiyo muryarsa daga waje, abin da ta fara cewa shi ne, "Saidou, yau ka makara."

"Iya, cunkoso ne a Baɗha."

"Kullum Baɗha. Miƙo ruwan."

Saidou, kai ne ka miƙo kofin ta bayan ƙofa, fuskarka na kallon bango. Kai ne ka tsaya har motar asibiti ta zo, sauran galan-galanka suna dahuwa a rana. Kai ne mai ƙwanƙwasa uku, wanda ya san takalmin kowa. Likita ya ce da ta ƙara kwana ɗaya a haka, da labarin ya sha bamban. Ba wanda ya rubuta sunanka a ko'ina.

Bara wurin aikinsa ya kawo sabon tsari: a ajiye ruwa a bakin ƙofa, a ɗauki hoto da waya, a wuce. Ba na zagin ci gaba, ni ma da waya nake sayen magani. Amma hoton galan ba ya gaya maka ko akwai mai rai a bayan ƙofa. Saidou ya bi doka, yana ɗaukar hoton, sannan ya ƙwanƙwasa. Shugabansa ya kira shi sau biyu a kan jinkiri. Saidou ya ce masa, "Mudir, ni tsoho ne, hawan bene ke cinye mini lokaci." Bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi duka ba.

Da maganar tafiyarsa ta fito, Delou ta daina cin abinci sosai. Na san lissafinta: wa zai ƙwanƙwasa? Mustapha ya ce zai yi mana odar butar Japan. Delou ta ce, "In na faɗi, butar ce za ta kira mai gadi?"

Ashe Saidou ya riga mu tunani. Wanda zai gaje shi, Almustafa, magidanci ne mutumin Tasawa mai 'ya'ya biyar. Sati biyu Saidou yana hawa da shi bene-bene, yana nuna masa: wannan kunnenta ya yi nauyi, ka buga da ƙarfi, wannan yakan yi barci bayan walaha, ka dawo ta kansa, wannan in ta zage ka, lafiyarta ƙalau.

Delou ba ta yarda da horon da ba a jarraba ba. Alhamis ɗin da ta wuce, ranar farko da Almustafa ya zo shi kaɗai, ta ɓoye galan ɗinta a ciki, ta zauna bayan ƙofa da carbi, ta hana ni tari. Muka ji takunsa ya zo, ya tsaya. Uku. Ta yi shiru. Uku kuma. Sai muka ji ya juya da gudu yana ƙwala wa mai gadi kira. Ta buɗe ƙofa, ta leƙa da sandarta.

"Kai, dawo. Ka ci jarrabawa."

Ya hauro yana haki. "Iya, kin kusa kashe ni."

"Gara kai da ni. Shigo da ruwan."

Ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Saidou, mun gode. Allah ya kai ka Maraɗi lafiya, ya hutar da kafaɗar nan, ya ba ka masu ƙwanƙwasa taka ƙofar. Ku kuma masu karatu, ku bar jajanta wa Japan haka nan. Akwai ƙofa a benenku da ba ku ji motsinta ba tun shekaranjiya. Ku je ku buga sau uku, kada ku tafi sai an amsa.