Gwiwa Ba Ta Mantuwa

Jiya da la'asar, ina tasowa daga sujada, gwiwata ta dama ta yi ƙas, zafi ya harba har ƙugu. Nan take na tuna da Baba, dattijon da muka yi shekaru muna lodin kaya tare a wani babban sito a garin Wendover.

Kullum idan ya ga na sunkuci kwali biyu sai ya ce, "Ɗana, gwiwa ba ta mantuwa."

Wata rana na kai shi asibiti, motata duk ta ɗauki ƙamshin man zafin da yake shafawa. Likita ta nuna mana hoto, ta ce nauyi da yawan durƙuso sun cinye guringuntsin gwiwarsa, yanzu ƙashi ne ke gugar ƙashi. Ta ce zama ma ba magani ba ne, ya riƙa takawa a hankali.

Muka kama hanyar gida. Can ya ce, "Ba ciwon ke damuna ba. Goshina ne ba zai ƙara taɓa ƙasa ba." A kan kujera ya yi salla har ya rasu.

Gobe da safe ina da aiki, ga 'ya'ya uku. Ban gaya wa matata ba tukuna, tsoron zuwa asibitin nake yi.

Allah ya jiƙan Baba, ya tashe shi da ƙafafunsa garau, ba sanda. Mu kuma ya rufa mana asiri.