Motar da Aka Ɗora a Kan Bulo

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi an yi wata mota, ruwan madara, mai dogon hanci, mai kujerun fata. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gwamnati ne, ya saye ta tun 'ya'yanmu suna rarrafe. A wancan zamani ita kaɗai ce mota a layinmu, saboda haka ba tamu ba ce mu kaɗai. Mai naƙuda ita, mai zazzaɓi ita, wanda ya faɗo daga kan mangwaro ita. Ta ɗauki buhunan gero. Ta ɗauki raguna biyu ranar jajiberin babbar salla, suka yi mata abin da raguna suka saba yi. Aka wanke da sabulu, aka ci gaba.

Tana da halinta. In rana ta take, inji ya yi zafi, makulli ba ya tayar da ita. Sai mai gidana ya kai ta wurin bakanike, aka ja waya, aka ɗaura wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin sitiyari. A murɗa makulli, a danna maɓallin, ta yi tari sau biyu, ta tashi. Haka muka zauna da ita shekara da shekaru, ba ta taɓa kunyata mu a hanya ba.

Da aka raba gado, ta faɗa a rabon ɗana na fari, wanda ya yi gini a Tarauni. Can ya haɗu da wasu mutane masu furfura a gemu, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, waɗanda Allah ya hore wa sababbin motoci amma ransu yana kan tsofaffi. Na gan su da idona a farfajiyar gidansa ranar wata Lahadi. An jera tsofaffin motoci da babura, an buɗe bakin kowace, manyan mutane sun sunkuya suna leƙawa kamar masu zuwa barka. Wani Alhaji yana goge babur da hankicin da ba zai yarda ya share gumi da shi ba. Na zauna har la'asar, ban ga wanda ya hau ba.

Kalmarsu guda ce, asali. Komai sai ya zama yadda ya sauko daga jirgin ruwa. Don haka ɗan nawa ya sa aka cire maɓallin ubansa, wai aibi ne a jikin motar. Ya ɗora ta a kan bulo don kada tayoyi su gaji. Ya lulluɓe ta da mayafin da ya fi na gadona kyau. Aka ce mini wai duk tafiyar da ta yi, darajarta raguwa take. Na ce to, Allah ya sawwaƙe, ashe gurgu ya fi kowa daraja a wurinsu.

Ina da maƙwabciya, Kirista ce daga kudu, tela, katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Maman 'yan biyu ake ce mata. Ranar da za ta haifi tagwayen nan mijinta ba ya gari, a kujerar bayan motar nan na riƙe kanta a cinyata har asibiti. Bara mijin ya rasu, 'ya'yanta suka matsa sai ta koma gida, ba dawowa. Ta shigo mini da yamma, muka yi kukanmu muka share. Ta ce ba ta son komai na sallama, sai dai motar nan ta kai ta tasha. Na ce an gama. Ban yi shawara da kowa ba, na ba ta alkawari.

Tun da na haifi ɗan farin nan ban taɓa kiran sunansa ba, ban kuma taɓa roƙonsa ko da allura ba. Ranar na aika aka kira shi. Ya durƙusa, na faɗa masa. Ya yi ta kewaye-kewaye: wai akwai ramuka a hanya, wai akwai 'yan adaidaita sahu masu goge wa mutane fenti, wai zai turo sabuwar motarsa mai sanyi da direba.

"Inna, wannan motar ba ta shiga ba ce yanzu," in ji shi.

Na ce, "Kai da aka kai ka kaciya a cikinta?"

Ya sunkuyar da kai. Aka sauke ta daga kan bulo.

Ranar tafiya ya gwada ta da sanyin safiya, ta tashi, har ya kawo ta ƙofar gidanmu yana ta annashuwa. Abokansa uku suka biyo shi don su ga yadda za ta taka ƙasa. Sai ya bar ta a rana, gudun kada inuwar darbejiya ta sa tsuntsaye su ɓata ta. Bayan azahar aka fito da kaya: akwati biyu, keken ɗinki, buhun wake, buhun albasa. Da ya ga albasar sai da fuskarsa ta canza. Ya shimfiɗa jaridu a kan kujera, ya tambaya a hankali ko za mu cire takalma. Maman 'yan biyu ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ta goya shi yana majina, ta shige da takalminta.

Ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa, shiru. Na ga hannunsa ya tafi ƙarƙashin sitiyari da kansa, yadda ya ga ubansa yana yi, ya lalubi wurin, ya dawo da hannun a kan cinyarsa. 

Alhazan nan uku suka naɗe hannayen manyan riguna suka tura mu. Masu shago suka fito kallo, mai nama ya bar tukubarsa. Hular ɗaya ta faɗa kwata. Da ƙyar ta kama, muka fita daga layinmu tana ruri kamar da. Na ji ƙawata ta kama hannuna, ta jingina kanta a kujerar, ta lumshe ido.

Ba mu yi nisa ba. A mahadar titin gidan zu aka tsayar da mu cikin cunkoso, motar ta mutu. Ƙaho ta gaba, ƙaho ta baya, masu turawa kuwa mun baro su a gida suna haki. Lokacin tashin motar kudu yana matsowa. Ɗana ya fita ya buɗe bakinta, yana kallon injin da ke ƙyalli kamar kwanon amarya, bai san inda zai taɓa ba.

Kunya ta rufe ni. Na ce wa Maman 'yan biyu ta yafe mini, ban cika alkawari ba.

"Hajiya, ta fito da ni daga layinmu," in ji ta. "Abin da nake tsoro ke nan, in fita da ƙafata."

Muka tsayar da adaidaita sahu biyu, ɗaya kaya, ɗaya mu. Ɗana ya matso zai yi magana, na ce ya tsaya wurin motarsa kada a goge masa ita. Mun isa tasha ana rufe bayan mota. Ta hau, ta sami wuri kusa da taga, na tsaya a ƙasa ina riƙe da yatsunta har direba ya ja.