Irin Da Ƙasimu Ya Tace

'Yan kasuwar Kano masu zuwa sari a kasuwar Baima ta birnin Guangzhou duk sun san Ƙasimu tafinta, dogon mutumin Bichi mai furfura a gemu. Sun kuma san ba ya bi ta layin da aka jera mutum-mutumin tallan tufafi. Gara ya zagaya ta bayan bene ko da ana sauri.

Ba aikin tafinta ne ya kawo shi ƙasar Sin ba. Karatun noma ya zo, ya samu aiki a wata gonar gwaji a tsaunukan Yunnan, inda hukuma ta yarda a noma wiwin zare, wanda ba ya bugarwa, ana saƙa yadi da ɓawonsa kamar yadda ake tufka igiya da rama. Manoman tsaunin kowa da irinsa: dogo, gajere, mai jan kara, mai jure sanyi. Masaƙu kuwa iri guda suke so, mai tsawo ɗaya, mai nuna lokaci ɗaya.

Wata tsohuwa, Goggo Lan, ita ta ba shi irin farko, gauraye, cike da tafin hannunta.

"Kakata ta bar min," in ji ta. "Kowanne da halinsa, sai ka yi haƙuri da su."

Shekara da shekaru yana haɗa auren tsirrai, duk wanda ya fito daban ya tumɓuke shi. A ƙarshe gona ta tsaya kai ɗaya kamar an yi mata aski. Ranar da manya suka zo gani, iska ta kaɗa, gonar gaba ɗaya ta sunkuya lokaci guda. Suka yi ta tafi. Shi kuwa sai ya kau da kai, bai san dalili ba.

Aka raba irin ƙauye-ƙauye. Sai wata damina mai yawan ruwa ta zo da cutar da ke ruɓar da kara. Da yake tsirran jininsu ɗaya, ko guda bai tsira ba. Ƙasimu ya hau tsauni neman tsohon iri wurin Goggo Lan, ya tarar ta rasu. Ɗanta ya kai shi gonarta. Irin Ƙasimu ne a ciki, ya yi baƙi ƙirin, yana wari, amma a tsaye, kai ɗaya.

"Tsohon irin?" in ji ɗan. "Kaji muka ba. Ai an ce naka ya fi."

Bai koma bakin aiki ba. Ya gangaro Guangzhou da harshen da ya iya.

Bara Hajiya Jumai, mai shago a kasuwar Kwari ta Kano, ta sa ya raka ta neman yadin wiwi. Mai sayar da yadin na warware bandir, Ƙasimu ya toshe hanci ya fita. Ta shinshina yadin, ba ta ji komai ba.

"Malam Ƙasimu, lafiya?"

"Hajiya, ƙarasa cinikin da hannu. Ina ƙofa."

Duk gabatowar damina ƙaninsa Alhasan yakan bugo waya daga Bichi.

"Yaya, an kawo sabon irin gero, kowa na saye. Kai ka yi karatun, in saya?"

Ƙasimu yakan tuna gonar Goggo Lan. A tsakiyar hayaniyar kasuwa sai ya ce layin ba kyau, zai kira daga baya.