Ƙafar Yaya Bukar a Kan Totur

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da rasuwar yayana Bukar, direban a-kori-kura, wanda mutanen gaɓar kogin Haɗejiya suka fi sani da Bukar Sannu. Duk shekara idan watan ya kama nakan soya waina in raba sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni. Akwai maganar da na jefe shi da ita a gaban mutane shekara goma sha biyar da suka wuce, har yau tana manne da sunansa, 'ya'yansa suna jin ta a tasha da kasuwa. Ni na faɗe ta, kuma ban ga wanda zai cire ta ba in ba ni ba.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Shi ya kai ni makarantar horon malamai da akwatina a bayan mota tsakanin buhunan shinkafa, kuma har na yi furfura bai taɓa kiran sunana ba, Auta yake cewa. A lokacin motarsa kaɗai ce a ƙauyenmu. Ita ke fitar da shinkafa da barkono da bandar kifi zuwa Haɗejiya, ita ke zuwa Kafin Hausa ran kasuwa, ita ce kuma motar asibiti idan haihuwa ta zo da gardama.

Tuƙin Yaya abin kallo ne, in dai ba sauri kake yi ba. Da safe sai ya zagaye tayoyin nan huɗu yana dukan kowacce da tafin hannu, wai tayar da ba ta ƙoshi da iska ba mai take sha. In ya shiga, sai ya cire takalmin ƙafar dama ya tura shi ƙarƙashin kujera, ya ɗora tsirarar ƙafa a kan totur, don ta haka ne yake jin abin da inji ke so. Ba ya yi wa mota ihu da sassafe kamar yadda samarin direbobi ke yi don a san sun tashi. Yana ɗagawa zai sauya giya, ya kama tafiya ɗaya ya riƙe ta. In ya hango shanu za su tsallaka hanya tun daga nesa, zai ɗauke ƙafa ya bar motar ta yi ta lallaɓawa har su wuce, ba sai ya zo kansu ya danna burki ba. Tsayuwa kuwa in ta wuce ta gaisuwa, kashe inji yake yi. Ƙasarmu shimfiɗe take, babu gangaren da zai tura ka kyauta, don haka duk tattalin da zai yi a ƙafarsa yake.

Fasinjoji sun sha tsokanarsa. Wani ya ce, "Direba, in ka gaji ka faɗa mu sauka mu tura." Shi dai murmushi, sai ya ce kowa zai sauka inda ya nufa. Ni ce ma kan gaba wajen tsiyar. Na taɓa ce masa jakin Baba ya fi motarsa zuciya, ya yi dariya har da buga sitiyari. Kowa kuma ya san da jarkar da yake ajiyewa cike a ɗakinsa, wadda yake kira man larura. Ko an yi wata gidajen mai suna rufe, ba ya taɓa ta don neman abinci, ta marar lafiya ce da mai naƙuda.

Ranar da abin ya faru lokacin yankan shinkafa ne, ana cikin wahalar mai, ruwa kuma bai gama janyewa daga fadama ba, ya yanke gajeriyar hanya. Da hantsi aka ɗauko maigidana daga gona, gamsheƙa ta sare shi a ƙafa. Aka shimfiɗa tabarma a bayan motar Yaya, na zauna na ɗora kansa a cinyata, muka bi doguwar hanyar da ke zagaye ruwa. Yaya ya kama tafiyarsa ta kullum. Wallahi ta kullum, ba ƙari. Ina kallon idon mutum yana lumshewa, harshensa yana nauyi, motar kuma tana tafiya kamar an ɗauko ƙwai. Na doki rufin motar har hannuna ya kumbura. Na kira shi Yaya, na kira shi Bukar tsurarsa, abin da ban taɓa yi ba. Bai ƙara ba, bai kuma waiwayo ba. Da muka hau kwalta na ce to yanzu zai taka, ya ɗan ƙara kaɗan ya sake riƙewa. A bakin ƙofar asibiti motar ta tsaya, bai shiga da ita ciki ba, shi ya saɓi maigidana a kafaɗa ya ruga. Ma'aikata sun yi iya yinsu. Ana kiran la'asar maigidana ya cika.

Ran sadakar uku, gida cike, maza a ƙofar gida, mata a tsakar gida, Yaya ya shigo yi mini gaisuwa. Na miƙe na ce masa rowar mai ce ta kashe mini miji, yana da jarka cike amma ya fi jin tausayin tankinsa a kan ran mutum. Da ƙarfi na faɗa, na waje ma sun ji. Ya tsaya yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Auta." Ya juya ya fita.

Shekara huɗu ya yi bayan nan, ban sake shiga motarsa ba. Gara in hau acaɓa rana tana dukana. Muna gaisawa, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Shi kuwa bai fasa aiko mini da sabuwar shinkafa da kifi ba, ni kuma ban fasa karɓa ina ɗaure fuska ba, kun ji halin ɗan Adam. Sunan Sannu da ake kiransa da shi cikin wasa ya koma wani abu daban a bakin mutane. Da ciwon ajali ya kama shi na je na zauna a gefen gadonsa, na yi masa sannu, ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya tambaye ni yara. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan.

Yanzu duniya ta juya, kowa ya zama Bukar Sannu. Tun da mai ya yi tsadar nan, waɗanda suka yi masa dariya su ne ke lallaɓa totur, su ne ke kashe inji a layi, su ne ke sauke tarkacen da ke but don mota ta yi sauƙi. Nakan ga magidanci da babbar mota ya kashe na'urar sanyi yana zufa, in ce ina ma Yaya ya ga wannan rana. Na san ba zai yi gori ba, bai iya ba. Zai dai duƙa ya daki tayar mutumin ya ce masa ta baya tana son iska.

'Yata Yagana, wadda take da shekara goma sha huɗu lokacin da babanta ya rasu, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, bara ta sayi mota 'yar Kwatano. Motar tana da wani maɓalli kusa da giya mai sauya mata hali. In an danna ta nuna kore, ta zama mai tsimin mai, ko an taka ta sai ta ɗauka a hankali. Akwai na tsaka-tsaki, akwai kuma ja, na gudu, wanda kana taɓa totur take zabura. A gaban direba kuma lamba ce ke faɗin kilomita nawa man da ke tanki zai iya kaiwa. Abin da Yaya ya cire takalmi shekara talatin yana saurare, ga shi an rubuta wa kowa a gilashi. Na sha tunanin me zai ce. Ina jin zai yaba wa koren, ya ce ja ɗin kuma na yaran da ba su san zafin nema ba ne.

Da kakar bana muka tafi ƙauye ni da Yagana, muka taso da mai kaɗan. A hanyar dawowa na ce ta yi sauri kada azahar ta wuce mu. Ta danna jan ta taka, ba mu yi nisa ba ta nuna mini lambar da yatsa. Tana zubewa kamar ana ɗibar ta da ludayi. Ta ce, "Umma, in muka ci gaba a haka a daji za mu tsaya. Da koren ne kawai za mu kai gidan mai." Ta mayar, ta sassauta ƙafa, lambar ta tsaya, can ma ta ɗan ƙaru. A kan hanyar nan muke, ita dai wadda ke zagaye ruwa. Nan take tafiyar Yaya ta ranar nan ta faɗo mini a rai, na yi salati. Yagana ta tambaye ni ko lafiya, na ce in mun sha mai ta kai ni gidan kawunta Bukar.

Matar Yaya, wadda nake kira Yaya Kande, tana nan da ranta, ƙafa ce dai ta hana ta fita. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, na tambaye ta man da ke motar ranar nan. Ta gyara zama. Sannan ta ce, "Auta, motar nan ba tsayar da ita ya yi a ƙofar asibiti ba, mutuwa ta yi. Kwana uku ta yi a wurin ba ko ɗigo a tanki. Abin da ya tashi da shi bai kai galan ba. Ya ce da ya taka, da a tsakiyar fadama za ku kwana da marar lafiya."

Na ce to jarkar fa, man larura?

Ta ce, "Kin manta sunan da aka yi a Malam Madori?"

Ban manta ba, ban dai taɓa haɗa su ba. Kwana biyu kafin saran macijin, aka yi sunan jaririn aminiyata a Malam Madori, na tara mata takwas na je na ce Yaya ya kai mu. Ya ce babu mai. Na ce ku direbobi ba kwa rasawa, na kumbura, na ce zai kunyata ni a gaban ƙawayena, har da hawayen shagwaɓa, ni da 'ya'ya huɗu. Bai taɓa iya ce mini a'a sau biyu ba. Muka tafi da kwanukan tuwo da turamen atamfa, muna waƙa a bayan mota, muka dawo. Ban tambayi inda ya samo man ba. Yaya Kande ta ce ita ta riƙe masa mazurari da ya juye jarkar, yana cewa jibi in Allah ya yarda zai samu ya mayar.

Na tambaye ta me ya sa ba wanda ya faɗa mini. Ta ce ran sadakar uku ta ɗauki mayafi za ta zo ta wanke mijinta a gaban matan nan, ya tare ƙofa. Ya ce mata ajali ne, ko da tanki cike kwanan mutum ba ya ƙaruwa, amma Auta ba za ta ji wannan ba yanzu. In ta san inda man ya tafi, kanta za ta kama da laifi, kuma tana da marayu huɗu da za ta riƙe. Gara ta kama shi. Ya sa ta yi alkawari, ta riƙe har ran da na tambaya da bakina.

Na yi imani kwanan maigidana ne ya ƙare, ko a jirgi aka ɗauke shi ba zai wuce la'asar ɗin nan ba. Wannan bai wanke ni daga abin da na faɗa ba. Motar Yaya an daɗe da sayar da ita, an ce ƙarafunanta ma an yanka. Direbobin da suka koyi tuƙi a hannunsa suna nan biyu ko uku, za ka gane su da takalmi ɗaya a ƙarƙashin kujera. 'Ya'yana huɗu sun tashi da uwa mai hankalinta, ba su san wanda ya saya musu wannan ba sai bana. Abin da ya bari ke nan, sai kuma sunan da na ɓata.

Don haka ku da kuka ji ni ran nan, da ku da kuka ji a bakin waɗanda suka ji, da mai faɗa wa 'ya'yansa a tasha: ban faɗi gaskiya ba. Bukar bai yi rowar mai ba. Da ƙasa da galan ya kai mijina ƙofar asibiti da ransa, ta hanyar da wani direban ba zai kai rabinta ba, ƙanwarsa tana dukan rufi tana zaginsa. Man da ya kamata ya taka da shi, ni na ƙona shi a hanyar suna.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa ka huta, ya haɗa ka da wanda ka saɓa a kafaɗa a gidan rahama. Yaya Kande ta ce ka yafe mini tun kafin ka kai zaure ran nan, na kuma yarda da ita. Amma ni a bakinka nake son ji, kuma na zauna a gefen gadonka kana kallona, na tashi na tafi ban tambaya ba.