Hannun Hagun Yayana

Tun ranar da reshen maɗaci ya faɗo wa yayana a kafaɗa, hannunsa na hagu bai ƙara ɗaga ko kofin shayi ba. Yana nan a rataye, yatsun sun lanƙwashe. Kafin nan sana'arsa yankan itace da inji a dazukan da ke kewaye da Minna, kuma duk cikin masu fasa katako babu mai ja da shi. To injin yanka hannu biyu yake so kafin ya tashi, ɗaya ya danne, ɗaya ya fizgi igiya. Sau ɗaya ya gwada da hannu guda, igiyar ta kuɓuce ta fasa masa leɓe. Ya ɗauko gatari ya yi raga-raga da injin a tsakar gida muna kallo.

Daga nan zaman gidanmu na Tudun Fulani ya lalace. Ya ɓalle ƙofar ɗakinsa da ƙafa. Ya tokari akuya har ta mutu don ta sha ruwan alwalarsa. Ya jefi matarsa da murfin tukunya, sai da aka ɗinke mata goshi. Ni ƙanensa ne, ina gyaran babur a Tunga, kuma ni ma ba a san ni da haƙuri ba. Sau biyu muna kokawa a zaure ana raba mu. Na san abin da ke cin sa, zaman banza ne. Na kuma san in bai koma daji ba, wata rana gawa za a fitar daga gidan nan.

Wani dattijo manomi daga Paiko da nake gyara wa babur shi ya ba ni labarin wani injin yanka. Ya ce tun zamanin da ya yi aiki da masu katako yake ajiye da shi a ƙarƙashin rumbu, kuma ba ya buƙatar igiya, maɓalli ake dannawa ya tashi. Na yi dariya na ce, "Haba Baba, rediyo ne?" Duk da haka ranar kasuwa na hau bas na je. Ga shi nan kuwa, rawaya, tsatsa ta ci rabinsa, zanzaro ya yi gini a bakin salansa, wato bututun hayaƙi. Ga ɗan maɓallin baƙi a gefen mariƙi. Dattijon ya ce in ɗauka kyauta, amma in sani ba shi da kunya.

Na sha wuya a kan injin nan, wallahi. Batirinsa na asali ya ruɓe ya zama gari, babu mai sayar da kayan gyara da ya taɓa ganin irinsa, sai na ja waya biyu zuwa batirin babur. Zoben fistin ya karye gida uku. Na samo na wani ƙaramin injin ban ruwa, na yi kwana huɗu ina goga shi kafin ya zauna. 'Yar robar cikin kafireta ta bushe tana karyewa a hannu, na yanka wata da almakashi har sau bakwai. Kwayil, wato abin da ke ba filogi wuta, shi ya fi ba ni wahala. Na bi 'yan gwangwan na bayan tashar jirgi ɗaya bayan ɗaya ina tonon tsibin ƙarfe. Ɗayansu ya ce wai ina kashe kaina a kan musakin da ya riga ya gama yawo. Ban san sanda na cika masa baki da jini ba. Su uku suka tarar mini, na dawo da ido a kumbure, amma da kwayil ɗin a aljihu.

Yaya ya fara zuwa shagona kullum. Ya zauna a kan benci, ya take sarƙar injin da ƙafa, yana wasa haƙoranta ɗaya-ɗaya da hannun dama. Yana zagina in na ɗaura abu a karkace, ni ma ina ramawa. Matarsa ta ce mini mako uku ke nan ko tsawa bai yi mata ba. Na ji daɗi har cikin raina.

Ranar da injin ya fara tashi Yaya ba ya nan. Na danna maɓalli, ya yi tari sau biyu, ya kama da wata irin ƙara da ta sa maƙwabta suka firfito. Na ɗora shi a kan wani gungume a bayan shago. Tsininsa ya taɓa ƙulli a jikin itacen, injin ya yi tsalle ya dawo kaina, na wurgar da shi na faɗi ta baya. Ina zaune a ƙasa na gane wautata. Wata uku ina tunanin yadda zai tashi, ban taɓa tunanin wanda zai riƙe shi ba. Ni mai hannu biyu ya kusa raba mini fuska.

Sai na cire kwayil ɗin na ɓoye a gwangwanin ƙusoshi, na ce wa Yaya ya ƙone. Kwana biyar ƙaryar ta yi. Yana neman ƙusa ya tuntsurar da gwangwanin, sai ga kwayil ɗin ya faɗo.

"Wannan mene ne?"

"Yaya, injin nan zai kashe ka. Na gwada shi."

"Kai za ka gaya mini inji? Kai da na goya?"

Da sifana ya buge ni. Haƙorina na gaba ya fita, na tofar da shi a kan benci. Na ɗauki guduma, ya tsaya ya miƙo kai ya ce in buga, in buga ya huta. Idonsa ya yi ja, yana kuka yana zagina. Na ajiye gudumar, na mayar da kwayil ɗin jini na ɗiga a kansa.

Washegari da hantsi muka je wata gona a hanyar Paiko inda ake son kayar da busasshiyar ƙirya. Na rataya masa batirin a ƙugu. Ya ɗora hannun hagun a kan mariƙin gaba, hannun ya zame. Ya sake ɗorawa, ya sake zamewa.

"Ɗaure mini shi," in ji shi.

Mu masu gyaran babur komai da robar tsohuwar taya muke ɗaurewa, salansa, fitila, kaya a bayan sirdi, kuma kullum akwai ta a aljihuna. Hannuna ne ya yi aikin kafin kaina. Na naɗe yatsunsa a kan ƙarfen, na ja, na zagaya wuyan hannun sau shida, na cusa bakin a ƙasa yadda nake yi wa abin da ba na so ya motsa. Shi kuma da bakinsa ya sha gaya mini cewa abin da mai yanka ke fara koya shi ne sakin inji in ya yi tsalle. Daga ni har shi babu wanda ya tuna.

Ya danna maɓalli da babban yatsa. Injin ya tashi. Ya kafa shi a gindin ƙiryar, garin itace ya yi feshi a ƙirjinsa, ya juyo yana dariya da dukan haƙoransa. Rabon da in ga wannan dariyar tun kafin reshen. Ya yanka wajen rabin gindin.

Sai sarƙar ta ci karo da wani abu a cikin itacen. Injin ya yi tsalle. Hannun damansa ya saki nan take, kamar yadda ya saba. Na hagun bai iya ba. Injin ya yi lilo a jikin hannun yana ci gaba da juyawa, ya sauko a kan gwiwarsa ta dama. Na ji ƙarar ta canja da ta taɓa ƙashi. Na faɗa kansa ina fizgar wayoyi kamar mahaukaci, na manta batir tayarwa kawai yake yi, har sai da na finciko wayar filogi sannan ya mutu.

Jini yana tsartuwa har fuskata. Na yage rigata na ɗaure cinyar, na koma kan robar in kwance masa hannu. Ta ƙi. Na sa farce, na sa haƙori, ta ƙi. Sai da mai gonar ya kawo wuƙa muka yanka ta zagaye-zagaye. Haka muka ɗauke shi zuwa bakin titi muka tare motar doya.

A asibiti suka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Kwana biyu ban iya shiga ɗakin ba, ina zaune a baranda ina jiran ya farfaɗo ya tsine mini, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Rana ta uku matarsa ta fito ta ce yana kira na. Ya rame, muryarsa ta dushe. Ya daɗe yana kallon giɓin bakina, sannan ya ce, "Ni na ce ka ɗaure. Kowa ya tambaye ka, haka za ka ce."

Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan nan a kan tabarma a zaure, bai ƙara ɗaga wa kowa hannu ba. 'Yan unguwa suna ta ce mini Allah ya shiryi yayanka, gida ya zauna lafiya. Ina amsawa da amin.