Mangwaron da Baba Ya Zaɓa Mini

Jiya ƙanwata ta aiko mini mangwaron gidanta daga Guci, tsoka zalla, babu zare. Ina ci marigayi Baba ya faɗo mini a rai.

Shi ganyen dashe yake murzawa ya shinshina, ya faɗi irinsa, kuma bai taɓa kuskure ba. Ranar da ya kawo mana dashen mangwaro guda biyu daga kasuwar Dungas, ya shinshina su, ya ce mini, "Ke babba, ungo wannan, ya fi jure ƙishi."

Ya jure kuwa, amma 'ya'yansa duk zare ne. Mai zaƙin ita ya ba, kuma yana sane. Har yau abin yana cina.

Allah ya jiƙan Baba, ni kuma ya wanke mini zuciya.